Saura Ƙiris Mu Sayar da Raleigh Ɗin Kakanmu a Kilo

Ga rubutun shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau ba mu da baƙo, ni ne baƙon kuma ni ne mai masauki, don haka sai ku yi haƙuri da surutuna.

Bari in fara da tambaya. Wa ke da tsohon keke a gidansu? Irin baƙin nan mai sanda, mai birkin ƙarfe, wanda aka jingine bayan rumbu ko aka rataye a zaure har kaji suka mayar da shi wurin kwana. In akwai shi a gidanku, don Allah kada a taɓa shi tukuna sai an gama jin wannan shiri.

Bayan ƙaramar sallar da ta wuce na je ƙauyenmu, can wajen Sule Tankarkar, gaida kakata. Ina zaune a tsakar gida sai na ji mai gwangwan yana kira a ƙofar gida, da kurarsa da ɗan sikelinsa. Kafin in ankara ƙannena biyu sun faɗa tsohon ɗakin ajiya sun jawo wani abu, ƙura da saƙar gizo sun rufe shi. Ashe keken marigayi kakanmu ne. Taya ta bushe ta tsattsage, sarƙa ta kame, sirdi ya yi tauri kamar ƙirgi. Mai gwangwan ya rataya shi a sikeli, ya ce kilo 20 da ɗan wani abu, ya faɗi kuɗinsa. Wallahi kuɗin ko sabuwar taya guda ba zai saya ba.

Kakata na kan tabarma tana tsintar wake. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni kawai ta ce, “Kai maigida, a gabanka za a auna dokin Malam kamar riɗi?” Kun san wasan jika da kaka, maigida take ce min. Amma ranar ba wasa a muryarta. Nan take na ba mai gwangwan haƙuri, na ce a mayar da keke ciki.

To a nan fa aka fara, kuma ba da sifana aka fara ba.

Abu na farko da ya kamata matashi ya sani: keken nan kayan gado ne. Lokacin da aka raba gadon kakanmu an lissafa gona, an lissafa gida da dabbobi, keke kuwa babu wanda ya tuna da shi. Mantuwa ba ta fitar da abu daga gado. Ni jika ne, mahaifina yana raye, ke nan ba ni da ko waya ɗaya a cikinsa. Kakata na da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, tunda akwai 'ya'ya. Sauran na 'ya'yansa ne, namiji rabon mata biyu. Da ƙannena sun sayar ranar nan sun sha lemo da kuɗin, da sun ci haƙƙin mutum shida ba su sani ba.

Saboda haka na bi su ɗaya bayan ɗaya. Mahaifina ya ce ya bar min. Gwaggona da ke aure a Gagarawa na kira ta a waya, ta yi shiru, can ta ce, “Wannan keken ne ya riƙa kawo min gero shekarar da aka yi min aure. Na yafe, amma in ka gyara ka kawo in gani.” Baffana ƙarami kuwa ya ce shi a ba shi rabonsa. Kuma gaskiyarsa ce, haƙƙinsa ne, ban ji haushi ba. Aka samu wanda ya san keke ya yi masa kuɗi, aka fitar masa da nasa. Sai bayan nan na ɗora keken a mota na kawo shi Gumel. Wani zai ce a kan tsohon ƙarfe ake wannan wahala? To ai ƙaramin abu ne ke raba zumunci. Gara ka sha kunyar tambaya yau da ka gama gyara, keke na ƙyalli, sannan wani ya tuna cewa na ubansa ne.

Abu na biyu: gano ko wane irin keke ne. A ƙasar nan duk tsohon baƙin keke “Rali” muke ce masa, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama Omo. Amma ba kowane ne Raleigh ba. Akwai Phoenix na Shanghai a ƙasar Sin, akwai Flying Pigeon mai tambarin tantabara shi ma na Sin, akwai Hero da Avon na Indiya. Cikin na Ingila ma akwai Rudge mai tambarin tafin hannu, BSA mai bindigogi uku, Phillips mai zaki, da Hercules da Humber. Duk sun yi kama, domin yawancinsu zubi ɗaya suka bi.

Ni dai na kai nawa wurin wani dattijo mai gyaran keke a nan Gumel, wanda tun ina firamare nake ganinsa a gindin bishiya ɗaya. Na ce, “Baba, ga keken kakana, a duba min.” Bai taɓa sifana ba. Tsumma ya jiƙa da ruwa ya goge gaban keken, daidai ƙarƙashin kan, inda ake manna tambari. Sai ga ɗan farantin tagulla, da kan wani tsuntsu mai dogon wuya da dogon baki. Zalɓe ne. Wannan shi ne tambarin Raleigh, kuma a ƙasansa an rubuta Nottingham, England. Nottingham gari ne a tsakiyar Ingila. A can kamfanin ya tashi wajen 1887, kuma sunan ma daga wani titi aka samo shi, Raleigh Street, inda ƙaramin shagon farko yake. Tsofaffi za su tuna tallan nan nasu da aka yi ta mannawa a Afirka ta Yamma, mutum a kan keke yana dariya, zaki ya biyo shi ya kasa cim masa.

Na ce shi ke nan, an gama. Baba ya yi dariya ya ce, “Ɗana, tambari ƙusa ce ke riƙe shi. Na sha ganin wanda aka cire aka manna wa wani keken don a ƙara masa kuɗi.” Sai ya nuna min sauran wuraren da ake dubawa, ku ma ku riƙe su.

Na ɗaya, farantin da sarƙa ke hawa a tsakiya. A tsofaffin Raleigh an huda shi da siffar zalɓen nan, in ka goge za ka ga kawunan tsuntsu suna zagaye. In keken na da gidan sarƙa, wato murfin da ke rufe ta ruf, sai an buɗe za a gani. Na biyu, ɗan ƙarfen da ake rataya fitila a gaba, shi ma yakan zo da zalɓe. Na uku, wasu natocin, musamman na jikin ƙarfen feda, akan samu harafin R a kansu. Na huɗu, ƙirga wayoyin ƙafa. Kekunan Ingila na wancan zamani sukan zo da waya 32 a gaba, 40 a baya, saboda baya ce ke ɗaukar nauyi. Na biyar, lambar jiki. Akan buga ta a ƙarfen da ke ƙarƙashin sirdi ko a can ƙasa inda feda ke juyawa. Daga wajen 1974 kamfanin ya daidaita tsarin lambarsa: harafin farko na nuna masana'anta, N na Nottingham, W na Worksop, harafi na biyu wata, lambar farko kuma ƙarshen shekara.

Akwai kuma wata hanya mai sauƙi ga wanda kekensa mai giya uku ne. Duba cibiyar ƙafar baya, ka goge maiƙon. In an rubuta Sturmey-Archer, za ka ga ƙananan lambobi biyu kusa da juna, misali 74 da 6. Ma'anarsa an ƙera cibiyar a watan 6 na 1974. Namu dai ba shi da giya, irin na aiki ne, gudu ɗaya.

Kada kuma wani ya raina kekensa don bai ga Nottingham a jiki ba. Raleigh ya yi masana'anta a Kano, a Bompai, kuma kekuna da yawa da iyayenmu suka hau daga can suka fito. Shi ma tarihi ne, har ma ya fi kusa da mu. A Ingilar ma an daina haɗa Raleigh a Nottingham tun 2002, kuma a 2012 wani kamfanin ƙasar Holan, Accell, ya saye sunan. Ke nan irin wannan ƙirar ta tsohuwar masana'anta, wadda ta rage a hannun mutane ita ce ke nan.

Me muka samu a namu? Gangar jiki, kai, farantin sarƙa da ƙafar baya duk na asali ne. Ƙafar gaba an taɓa canzawa. Feda ɗaya daban, ɗaya daban. Ƙararrawa 'yar Sin ce. Da farko abin ya ɗan sosa min rai, ina son in ce komai nasa na Ingila ne. Baba ya ce, “Keken da ya yi shekara talatin yana zuwa Maigatari duk Alhamis, kana so ka same shi yadda ya fito daga kwali? Ai wanda ba a canza wa komai ba, ba a more shi ba.” Gangar jiki ita ce keke. Sauran duk kayan sawa ne.

Saura shekara. Wannan kam ba ƙarfe ne ya faɗa min ba, kakata ce. Na koma na ce, “Hajiya, yaushe Malam ya sayi dokin nan nasa?” Ta ce ita ba ta san lissafin boko ba, amma ta san shekarar da aka canza hannu ce, lokacin da aka ce motoci su koma ɗaya gefen. Ta ce bayan an sayar da gyaɗa ya tafi Kano, kuma da fam ya biya. Ya sako shi a jirgin ƙasan da ke zuwa Nguru, ya sauka a tashar Gagarawa, daga nan ya hau abinsa har gida, yara na bin sa da gudu. To ku duba. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972. Naira ta maye gurbin fam ranar 1 ga Janairu, 1973. Gyaɗa kuma da kaka ake sayarwa. Ke nan ƙarshen 1972 ne. Lokacin Gumel na cikin Jihar Kano, Jigawa ba ta zo ba sai 1991. Wato keken nan ya girmi jiharmu da shekara 19.

Shi ya sa nake cewa, in kakarka ko kakanka na raye, kunna rikoda a wayarka ka tambaye su yau. Lambar jikin keke za ta jira ka, tsoho ba lallai ya jira ba.

Yanzu gyara. Zan faɗi yadda ya kamata, in kuma faɗi inda na yi ɓarna, don kada ku maimaita.

Kafin ka kwance ko nati ɗaya, ɗauki hoto. Kowane gefe, kowane lungu, musamman sandunan birki da yadda suka haɗu. Birkin irin wannan keke ba waya ba ce, 'yan sanduna ne da mahaɗai, kuma in ka wargaza ba hoto sai ka yi kwana uku kana juya su. Duk abin da ka cire, sa shi a leda ko gwangwani daban, ka rubuta daga ina ya fito.

Sannan wanki, da ruwa da sabulu da tsumma mai laushi. Bayan ya bushe sai ka duba lafiyar gangar jiki, domin ita ce za ta nuna ko aikin ya cancanci kuɗinka. Duba mahaɗan ƙarfe ko akwai tsagewa. Shafa ƙarƙashin sanda daidai bayan wuya, in ka ji ƙarfen ya tattare ko fenti ya yi ƙwanƙwasa, alamar an taɓa yin karo da shi ne. Tsaya a gaba ka kalli ƙafafun da ke riƙe tayar gaba, ko sun karkace ko sun koma baya. In akwai tsagewa a nan, kada ka hau, domin ranar da zai karye ba sallama zai yi ba. Kuma a sani, mahaɗan waɗannan kekuna da narkakkiyar tagulla aka haɗa su. In za a gyara, mai walda ta gas za a nema, wanda ya iya aikin tagulla. Walda ta lantarki takan ƙona siririn ƙarfen ta bar shi da rauni.

Natin da ya kame, kada a sa masa ƙarfi. Ɗiga masa kananzir haɗe da ɗan baƙin mai, ka bar shi ya kwana, gobe ka ƙara. Namu ƙarfen sirdin sai da ya sha kwana biyar kafin ya motsa. Sannu ba ta hana zuwa. Kuma ku riƙe wannan: fedar hagu a juye take. Yadda ake ɗaure sauran natoci, haka ake kwance ta. Mutane da yawa sun lalata ƙarfen feda suna ta ƙara ɗaurewa, su a zatonsu kwancewa suke.

Ga ɓarnata ta farko. Na kwance tsakiyar keken, inda ƙarfen feda ke juyawa, na ga ƙoƙon da boris ke zama a ciki ya yi baƙi. Na ce wannan ya mutu, na wurga shi a juji, na je kasuwa na sayo sabo fil. Na zo ɗaurawa, ya yi zagaye biyu ya tsaya cak. Har na ɗauko guduma, Allah ya sa na fasa, na kai wa Baba. Ya kalle ni ya ce, “Ina tsohon?” Na ce na yar. Ya ce, “To je ka nemo shi.” Dalili kuwa, Raleigh na Nottingham zaren natinsa daban ne. Layukan nan da ake murɗawa a kai, nasa 26 ne a kowane inci, na yawancin sauran kekuna 24. A ido ba za ka ga bambanci ba, amma in ka tilasta, ka cinye zaren gangar jikin, kuma wannan ba a kasuwa ake sayo shi ba. Jama'a, da la'asar sakaliya aka gan ni a kan juji da tsinke ina tono, yara na kallo. Na same shi kuwa. Da aka wanke da kananzir, lafiyarsa ƙalau. Tun daga ranar na koyi cewa ba a yar da komai sai an gama aiki.

Boris kuwa a canza su, ba su da tsada. A irin wannan keke a warwatse suke, ba a cikin zobe ba, don haka a kwance a kan faranti ko tsumma kada su gangare cikin rairayi. A ƙirga na kowane gefe kafin a wanke. A tsakiya guda 11 ne kowane gefe. A sa giris sabo, a ɗaure daidai: ya juya sumul, kuma kada ya yi girgiɗi.

Tsatsar jikin farin ƙarfe, kamar kai da rim da sandunan birki, ga dabara mai arha. Samu takardar alminiyam irin ta naɗe abinci, dunƙule ta, tsoma a ruwa, ka goga a hankali. Tana cire tsatsa ba tare da ta kankare ƙyallin ba. Ƙananan natoci a jiƙa su a ruwan lemon tsami su kwana, a wanke, a busar, a shafa musu mai nan take, in ba haka ba tsatsar ta dawo kafin gari ya waye.

Ɓarnata ta biyu ita ce ta fi ci min rai, domin ba ta gyaruwa. Na ɗauki samfefa na hau murfin tayar baya, ina so in kankare in yi sabon fenti. Ina cikin gogawa sai na ga wani ɗan zane mai ruwan zinariya yana bin samfefar yana tafiya. Tambarin kamfani ne, ya yi shekara 50 a wurin ƙarƙashin ƙura, ni na share shi a minti biyu. Garin neman gira aka rasa ido. Daga nan na ajiye samfefa. Sauran jikin, mai kawai na shafa da tsumma, na goge, baƙin ya fito, har siraran layukan zinariya suka bayyana a wasu wurare. Shawarata, in tsatsa ba ta ci ƙarfe ba, a bar fentin asali. Sabon fenti kowa na iya yi gobe, na asali in ya tafi ya tafi.

Taya. A nan mutane ke asarar kuɗi. Girman tayar wannan keke 28 x 1½ ne, kuma a jikinta za ka ga lamba 635. Akwai wata tayar ta kekunan zamani da ita ma ake ce wa 28, amma lambarta 622. Ba ta hawa, ko ka yi da gumi. Duba lambar kafin ka biya. Sa sabon ƙyalle ko roba a cikin rim ya rufe kawunan wayoyi, kada su huda tub. In bawul ɗin irin na da ne, sau da yawa ba faci ba ne ke sa iska fita, 'yar siririyar robar cikinsa ce ta mutu.

Sarƙa, auna ta. Haɗi 12 cikakku ya kamata su ba ka inci 12 daidai. In sun zarce da ɗaya bisa takwas na inci, ta miƙe, a canza. Kuma a ƙasarmu ta rairayi kada a yi wa sarƙa wanka da baƙin mai. Mai da yashi in sun haɗu sun zama samfefa, su cinye haƙoran faranti. Ɗiga kaɗan, goge sauran. Wanda kekensa ke da gidan sarƙa ya riƙe shi da kyau, don irin hanyoyinmu aka yi shi.

Birki. Shi wannan birkin sanda daga cikin rim yake kamawa, yana jan roba sama. Saboda haka in rim ya karkace ko ya lotsa, birki zai riƙa kamawa yana saki. Daidaita wayoyin ƙafa aikin gwani ne, ni ban taɓa ba, Baba na bar wa. A sa sababbin robobi. Kuma a sani, da damina in rim ya jiƙe birkin nan sai ya yi tunani kafin ya kama, don haka a fara matsawa tun daga nesa.

Sirdi, in na fata ne, kada a zuba masa baƙin mai, zai ruɓar da shi. Ɗan man kaɗanya kaɗan a shafa ta ƙasa, a ajiye a inuwa, a maimaita bayan kwanaki. Akwai nati a ƙarƙashin hancinsa na ɗame fata, kada a murɗa shi da yawa, busasshiyar fata yagewa take yi. Namu ya riga ya tsage, sai na kai wa baduku ya yanka sabuwar fata a kan ƙarfen asali. Tsohuwar kuma na ajiye ta.

Wani zai tambaya, to nawa keken zai yi yanzu? In gaya muku gaskiya, ba zai sa ka yi arziki ba. Kada wani ya ruɗe ka da cewa Turawa na saye da miliyoyi. An ƙera irinsu da yawan gaske. Abin da na kashe a gyara ma ya kusa kuɗin keken gwanjo. Amma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa ya san yadda kuɗin mashin da na mota suka koma. Yau da keken nan nake zuwa aiki, nake zuwa kasuwa, ko sisi ba na ba gidan mai. Kariyarsa na ɗaukar abin da keken gwanjo ba zai ɗauka ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai wuri ɗaya da ban taɓa ba ko da mai. A kan sanda, kusa da kai, fenti ya goge har ƙarfe ya yi santsi, faɗin tafin hannu. Na ɗauka tsatsa ce ta ci. Da na nuna wa mahaifina hoton, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Nan ne wurin zamana.” A nan kakanmu ke ɗora shi in za su kasuwar Maigatari ranar Alhamis, shi a gaba, buhu a baya, su fita tun asuba. Bayansa ƙannensa suka gaji wurin, ɗaya bayan ɗaya, har da baffan nan nawa da ya karɓi rabonsa. Da na bi son raina na yi fenti, da na shafe wannan ma, kuma da ban taɓa jin labarin ba.

Ranar da aka gama, na hau shi daga Gumel har ƙauye. Ƙaya ta huda min taya sau ɗaya a hanya, cinyoyina kuma sun gaya min cewa mutanen da ba irinmu ba ne. Da na isa ƙofar gida na kaɗa ƙararrawa. Kakata ta fito, ta zagaya shi sau biyu, ta kama kan ta girgiza. Ta ce, “Ƙararrawar ce dai ba ta canza ba.” Wato 'yar Sin ɗin nan da na so in cire don ba ta asali ba ce, ita ce muryar da ta sani shekara da shekaru, in ta ji ta san Malam ya dawo. Ta koma ciki ba ta ƙara cewa komai ba. Gwaggo ta Gagarawa kuma ina sane da alkawari, sati mai zuwa in sha Allahu ina tafe.

To jama'a, ga aikin gida. Wanda ke da irin wannan keke, ya jiƙa tsumma ya goge tambarin gaba, ya ɗauki hotonsa da na farantin sarƙa da lambar jiki, ya turo mana, mu duba tare a shiri na gaba. Ya tambayi magada kafin ya ɗauka, ya tambayi tsofaffi kafin ya kwance. In kuma akwai dattijon mai gyaran keke a unguwarku, je ka zauna kusa da shi, ka biya shi haƙƙinsa da kyau, domin abin da ke kansa babu shi a YouTube.

Allah ya jiƙan kakanninmu, ya gafarta musu, ya sa mu ma a samu masu tuna mu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa. Wassalamu alaikum.